Yadda Mama Ta Shiga Kulob

Babanmu shi ne ciyaman na ƙarshe na kulob ɗin da ke tsohon gari, kuma duk da an daɗe da rufe kulob ɗin, shi bai yarda ya sauka ba. Har mai wanke masa mota Ciyaman yake ce masa. Mama ma haka take kiransa, sai dai ita tana jan kalmar ta wata hanya da takan sa ya waiwayo ya duba fuskarta.

Ginin yana tsakanin tsohon gidan waya da wani banki mai ginshiƙai wanda yanzu wayoyin hannu ake sayarwa a cikinsa. Da dutse aka gina shi, bangon yana da kaurin da mutum zai zauna a bakin taga ya miƙe ƙafa. Akwai doguwar baranda a gaba, silin can sama, da matakalar katako mai kuka idan an taka ta. Duk wannan a bakin Baba muka ji shi muna yara, don dokar kulob ɗin ta hana mata shiga. Iyakar mace bakin get. Idan wani abu ya taso a gida, Mama takan je ta tsaya a can ta aiki maigadi, maigadi ya dawo ya ce ana taro.

Da membobi suka ƙare, wasu suka rasu wasu suka bi 'ya'yansu wasu garuruwa, sai aka garƙame ginin, tantabaru suka gaje shi. Mutum uku suka rage masu ta cewa a kansa: Baba, da Likita, da Alƙali, dukkansu sun yi ritaya tun ina makaranta. Su ne suka ba wata ƙawata hayar wurin ta buɗe gidan abinci. Tare muka yi karatu da ita, ta iya girki, ta kuma iya magana da manya, amma Baba bai taɓa kiranta da komai ba sai 'Yar Haya.

Ranar buɗewa ya ce ba za shi ba. Washegari ya ce zai je ya duba ko sun taɓa bango. Ya dawo yana huci.

"Teburin wasan sunuka," in ji shi, "sun rufe shi da katako sun jera faranti a kai. Ɗakin karatu ya koma wurin wanke-wanke. Inda nake zama in sa hannu a takardu, can aka kafa famfon wanke hannu."

"To ai har yanzu hannu ake sawa," in ji Mama.

Amma kashegari ya sake komawa, wannan karon da Likita da Alƙali. Daga nan kuma abin ya zama kullum.

Akwai wani tebur a gindin babbar taga, inda iska ke shigowa daga baranda, ana ganin titi da dukkan falon. Duk wanda ya shigo can idonsa ke fara sauka. Nan su ukun suka kafa zama tun kafin azahar har rana ta yi sanyi, da butar shayi ɗaya, sai dai a riƙa ƙaro musu ruwan zafi. Da zaman ne kawai da sauƙi. Alƙali ya taɓa mayar da wani saurayi daga bakin ƙofa saboda ya sa gajeren wando. Likita yakan leƙa farantin mutum ya gaya masa abin da man da ke ciki zai yi wa zuciyarsa. Baba kuwa ya gano tsohuwar ƙararrawar tagulla da aka rataye a bango don ado, ya sauke ta ya ajiye a gabansa. Idan dariyar wani tebur ta yi yawa sai ya kaɗa.

Wata safiya, bayan Baba ya fita, 'Yar Haya ta zo gidanmu. Ta durƙusa ta gaida Mama, ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Mama, ba zan iya korarsu ba. Iyayena ne, kuma su ne masu ginin. Amma jiya wasu baƙi sun zo su goma sha, Baba ya ce musu a nan ba a ɗaga murya. Ko ruwa ba su sha ba suka tashi."

Mama tana tsince shinkafa a tire, ba ta ɗago ba. "Teburin nan, na waye?"

"Na wanda ya riga zama ne, Mama."

"Mata suna shiga?"

"Ai mata ne rabin masu zuwa."

Mama ta ajiye tiren. Ta dube ni ta ce, "Auta, kira mini Goggonki."

Goggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya shi, kuma ba ta bari ya manta ba. Mijinta ma ɗan kulob ne har ya rasu, don haka ita ma ta san bakin get ɗin nan ciki da bai. Da Mama ta gama yi mata bayani a waya, abin da ta tambaya kawai shi ne ko akwai matakala a ƙofar shiga, saboda gwiwarta.

Kashegari na ɗauke su a mota tun Baba yana wanka. A bakin get Mama ta ɗan tsaya, ta gyara mayafinta, sannan ta wuce kamar kullum tana shiga. A cikin falon ta ɗaga kai ta bi silin da kallo, ta dubi manyan fankoki da tayil baƙi da fari, ta shafa bangon da tafin hannu.

"Shi ke nan?" ta ce. "Yadda yake ba da labari na ɗauka sai an hau keke kafin a kai ƙarshen falon."

Suka zauna a teburin bakin taga. Goggo ta jingine sandarta, ta sa aka kawo musu kaza da shinkafa da lemo mai sanyi, ta jawo ƙararrawar gabanta.

Can sai ga su Baba, shi a gaba, Likita da Alƙali a baya. Ya taho yana amsa gaisuwar masu kai abinci da ɗaga hannu, sai da ya zo dab da teburin ya ga wanda ke kai. Ya tsaya cak, har Likita ya yi karo da bayansa.

"Me kike yi a nan?" ya tambayi Mama.

"Abinci nake ci, Ciyaman."

"Kin san dokar wurin nan."

"Na sani. Wanda ya riga zama."

Alƙali ya yi gyaran murya zai sa baki, Goggo ta kaɗa ƙararrawar. Duk falon ya waiwayo.

"Kumatu," ta ce wa Baba, "ba ka iya gaisuwa ba ne?"

Ban taɓa jin sunan nan ba sai ranar. Likita ya juya yana kallon fanka, kafaɗarsa na rawa. Baba ya sunkuya ya ce, "Ina kwana, Yaya," da wata ƙaramar murya, sannan suka koma wani tebur kusa da ƙofar kicin, inda masu kai abinci ke ta gilmawa da tire.

Da a nan abin ya tsaya, da Baba ya haɗiye. Amma wasu mata da miji da ke teburin kusa suka tambayi mai kawo musu abinci me ya karya hannun matakalar can, don akwai wani wuri da aka ɗaure shi da ƙarfe. Baba ya ji. Wannan labarinsa ne, mun ji shi ba adadi. Ya miƙe ya je ya tsaya a kansu, ya ba su labarin wani babban jami'i da ya zo ya yi wa ma'aikatan kulob rashin kunya, shi kuma ya kama kwalarsa a saman bene ya gangaro da shi har katakon ya karye.

Mama ta bari ya kai ƙarshe. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Jemage ne."

Matar ta juyo. "Na'am, Mama?"

"Jemage ne ya fito daga silin, Ciyaman ya gangaro a guje. A mota aka kawo mini shi. Ni na yi ta gasa masa baya da ruwan zafi. Ga Likita nan, shi ya rubuta man shafawa."

Duk aka dubi Likita. Likita ya ce shi sirrin marar lafiya ba ya fita daga bakinsa, wanda hakan ya fi amsa muni.

Kafin la'asar an jawo kujeru an kewaye teburin bakin taga. Ashe matan da aka tsayar a bakin get sun fi kowa sanin abin da ke faruwa a ciki, don su ake kai wa sakamakon gida. Goggo ta nuna wani hoto a bango, maza jere da kofin gasa, ta faɗi wanda ya aro kwat ɗin da ke jikinsa da wanda ya yi kuka da aka cinye shi a karta. Mutanen da suka zo shan lemo suka ce a kawo abinci. 'Yar Haya tana leƙowa daga kicin tana toshe baki da gefen mayafi.

A gida Baba ya ci abincin dare, ya ce gishiri ya yi yawa, ya shige ɗaki. Na ji shi yana waya da Alƙali ƙasa-ƙasa.

Washegari ya fita tun kafin mu karya. Su ukun suka je suka zauna a baranda tun ana goge ƙasa, suna jiran a buɗe ƙofar falo. Da aka buɗe suka shiga da sauri, suka tarar da Mama da Goggo a teburin, kowace da kofin shayi. Ta ƙofar kicin na shigar da su, ta bayan ginin, inda ake sauke kayan miya.

"Wannan maguɗi ne," in ji Alƙali.

"Kai ƙara," in ji Goggo.

Baba ya dubi abokansa. "Mu hau sama. Akwai wurin da ba a lalata ba tukuna."

A saman benen akwai ɗakin da suke buga karta a da. 'Yar Haya ba ta gyara shi ba, ta tara karyayyun kujeru da kwalayen faranti a ciki. Ta bi su da sauri tana cewa, "Baba, ƙofar nan tana da matsala, katakon ya kumbura, kada ku rufe."

"Yarinya," in ji Baba daga tsakiyar matakala, "tun ba a haifi mahaifinki ba nake buɗe ƙofar nan."

Muka ji takunsu a sama, muka ji ƙofa ta rufu da ƙarfi.

Falo ya cika da masu cin abincin rana. Babu ƙararrawa, babu mai leƙa farantin wani. Can na fita ɗauko wa Goggo maganinta a mota, na ɗaga kai, sai na ga hular Alƙali tana lilo a tagar sama, an rataye ta a kan ƙafar kujera. A bayanta ga fuskar Baba, yana yi mini alama da hannu in zo, yana kuma ɗora yatsa a baki.

Na dawo na raɗa wa Mama. Ta gyaɗa kai, ta ƙara sukari a shayinta ta juya.

"Mama, akwai zafi a can."

"Sun ce wurin ba a lalata shi ba. Bari su ɗan more."

Sai da ta shanye, ta goge baki, sannan ta ce a samo mata babban cokalin miya na ƙarfe. Muka hau, ni da ita da 'Yar Haya, matakalar tana kuka a ƙarƙashinmu. Mama ta ƙwanƙwasa.

"Waye?" in ji Baba.

"Ana taro ne?" in ji Mama.

Sai muryar Likita: "Don Allah, Hajiya, ki buɗe. Alƙali yana son kewayawa."

Ta cusa bakin cokalin tsakanin ƙofar da bango, ta ce mu tura, ƙofar ta buɗe da ƙara. Alƙali ya fito ya wuce mu ba sallama, Likita ya bi shi, rigarsa jiƙe da gumi. Baba ya tsaya a tsakiyar kwalaye, ƙura a gwiwar wandonsa, yana ƙoƙarin yin fuskar wanda ya gama duba gini.

Mama ba ta kalle shi ba. Ta wuce wurin tagar don ta sha iska, ta dafa bakin tagar, sai na ga ta ƙura wa waje ido. Na matsa kusa da ita. Daga nan ana ganin get ɗin tar, da ɗan dakalin da ke gefensa, da titin da ya miƙe har kwanar layinmu. Har rufin gidanmu na hango.

"A ina kake zama idan kuna karta?" ta tambaya.

Baba ya nuna wani wuri can cikin ɗaki.

"A nan yake zama," in ji Likita daga bakin ƙofa, ya dawo ɗaukar tabaraunsa. Ya nuna gindin tagar. "Ba ya yarda kowa ya zauna a nan." Ya ɗauki tabaraun ya fice.

Mama ta juyo a hankali. "Ranar da iska ta yaye mana kwanon ɗakin yara. Na zo nan cikin ruwa, da goyon Auta. Maigadi ya ce ba ka zo ba. Na koma gida na tarar da kai a kan tsani da guduma, kana cewa mace tana yawon neman miji a kulob alhali mijinta yana gida yana aiki. Har haƙuri na ba ka."

Baba ya kakkaɓe gwiwarsa, ya daɗe yana kakkaɓewa.

"Na hango ki tun daga kwana," ya ce. "Na ga yadda kike tafiya, na san ba lafiya. Na bi ta ƙofar baya, na yanke ta bayan gidan waya a guje. Takalmina ɗaya a kwata na bar shi."

"Kuma ka bar ni na ba ka haƙuri."

"To ai ba kullum ake samu ba."

Na ɗauka za ta yi faɗa. Ta dube shi, ta sake duban titin, tana auna nisan. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba ta da sauti, har ta zauna a kan wani kwali tana share ido.

"Da wannan tumbin ka yi gudun?"

"Lokacin ba ni da shi."

"Kana da shi."

'Yar Haya ta ja hannuna muka sauko muka bar su. Goggo ta tambaye ni me ake ciki, na gaya mata. Ta ce ita ta san labarin takalmin tun a lokacin, don na mijinta Baba ya ara, ɗayan ma bai mayar ba.

A makon nan 'Yar Haya ta kira kafinta ya fere ƙofar, aka kwashe kwalayen, aka share ɗakin aka sa fanka da tebur. Ta je har gida ta roƙi Baba, a gaban Mama, ko zai taimaka ya riƙa zagayawa da baƙin da ke son ganin ginin, tunda babu wanda ya san shi kamarsa. Baba ya ce zai duba lokacinsa. Kashegari ya sa aka goge masa kwat.

Yanzu su ukun a sama suke zama da butarsu. Idan baƙi sun gama cin abinci, Baba yakan sauko ya bi da su baranda, ya nuna musu yadda aka jera duwatsun ba siminti a waje, da ƙananan ramukan da ke saman bango masu fitar da zafi, da dalilin da ya sa tagogin gabas suka fi na yamma faɗi. A wannan fannin ba ya ƙari, kuma mutane suna saurarensa da gaske. Sai ya zo kan labarin mutane ne ake samun matsala, don Mama da Goggo suna zuwa ranar Asabar, kuma baƙi sun gane cewa idan suka tsaya kusa da teburin bakin taga za su ji labari biyu.

Wata Asabar da safe, ina ɗaure wa Mama agogo, Baba ya leƙo ɗakin yana gyara kwala.

"Ina neman alfarma," ya ce mata. "Ki bar mini labari ɗaya. Guda ɗaya, in faɗa har ƙarshe ba ki ce komai ba."

"Wanne?"

"Za ki ji."

Ta ce ta yarda, amma ban da na jemage.

Da rana ya tara baƙinsa a tsakiyar falo, ya nuna teburin bakin taga, ya ce musu a zamaninsa ne aka soke dokar hana mata shiga, shi ya yi tsayin daka a kai duk da adawar membobi, kuma waccan baiwar Allah da suke gani ita ce mace ta farko da ta taka falon nan, shi da kansa ya gayyato ta. Baƙin suka juyo suna kallon Mama, suna jira.

Goggo ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙararrawa, Mama ta dafe ta.

"Haka aka yi," ta ce. "Har jakata ya riƙe mini tun daga get."

Aka tafa wa Baba. Da muka tashi tafiya, Mama ta miƙa masa jakar a gaban mutanen, babba ce mai nauyi, da ragowar kazar Goggo a ciki. Ya karɓa ya rataya a kafaɗa, ya bi mu a baya har mota.